Ka Ce Igiyar Shanya Ce?

Ka ce igiyar shanya ce? Sannu da ƙoƙari, Malam, idonka bai yi maka ƙarya ba. Waya ce siririya, an ɗaure bakinta ɗaya kusa da taga, ɗayan kuma a ƙolin gora can bayan ɗakin girki. In Hajiya ta yaudari idonka ta rataya mata zane, za ta ɗauka ba musu. Bambancin ɗaya ne: igiyarka iyakacin aikinta busar da singileti, wannan kuwa in an auna ta daidai aka ba ta 'yar wuta, muryar ɗan unguwar Nima ta Akara take kaiwa Birazil. Na ga ka dire kofin ataya. Koma ka zauna, ba a gardama a tsaye.

Maganar rediyon 'yan sha'awa nake yi. Mutane ne da duniya ta ware wa wasu layuka a gajeren zango, su yi hira da juna, su yi gwaje-gwaje, ba don kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta duniya a birnin Faris aka kafa ta, ranar 18 ga Afrilu 1925, tun kakanka bai san ɗanɗanon goro ba. Kowace ƙasa da haruffan da lambar kiranta ke farawa da su: Gana 9G, Nijeriya 5N, Nijar 5U, Togo 5V. Kuma a duk kayan wannan harka, wanda ya fi arha shi ya fi muhimmanci, wato wannan wayar da kake yi wa dariya.

Ka ce waya tsirara ba ta magana? Ai kai ba farau ba ne a wannan musu. Ranar 12 ga Disamba 1901, Markoni, majagaban rediyo, yana gaɓar Niyufanlan, a Kanada ta yau, ya ɗaura doguwar waya a jikin abin wasan nan na iska da yara ke sakewa da zare, ya cilla ta sama, ya jona bakinta na ƙasa a na'urarsa. Ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S da aka aiko daga Ingila, tazarar kilomita wajen 3,500. Masana suka ce ina, duniya a dunƙule take, saƙo ba ya lanƙwasa. Har yau akwai masu musun cewa ya ji a ranar. Amma ba a daɗe ba saƙonni suka riƙa tsallake teku safe da yamma, masu gardama suka koma neman wata gardamar. Da 'yan'uwanka aka yi, ka ga kana da tsatso.

Sirrin yana sama. Kimanin kilomita 200 zuwa 400 a bisa kanka akwai wani rufin iska da hasken rana ke cajawa. Saƙon gajeren zango in ya kai can sai ya lanƙwaso ya dawo ƙasa, tsalle ɗaya ya ci har kilomita 4,000, ya daki teku ko tudu ya sake tashi. Da haka mahaifinka ya riƙa jin Landan a akwatinsa mai batir, tun da Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, mako guda cif bayan Gana ta sami 'yanci. Ba ka taɓa ce masa ƙarya yake yi ba. Sai yau da aka ce kai ma kana iya mayar da amsa ta wannan hanya, shi ne ka tuna da ilimin kimiyya?

Ka ce ina amfanin wahala tunda akwai WhatsApp? Na san za ka zo nan, tun ɗazu hannunka ke cikin aljihu. To tuna mini ranar 14 ga Maris 2024, azumi bai ko yi mako ba. Manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, Akara ta wayi gari shiru. Kai ne ka riƙa ɗaga wayar salula sama kana zagaye tsakar gida, kana kashewa kana kunnawa, kana zagin kamfani. Saƙonka zuwa ga ɗan'uwanka a Kano sai ya bi hasumiya, ya shiga kebul, ya nutse a teku, ya roƙi izinin kwamfutocin wasu mutane da ba su san da zamanka ba. Na ɗan rediyo daga waya sai sama, daga sama sai waya. Akara zuwa Kano kusan kilomita 1,200 ne, tsalle ɗaya ke nan a zangon mita 40 da yamma. Kakanninmu fataken goro sai sun kwashe watanni da jakai tsakanin Kano da Salaga kafin labari ya isa. Ban ce ka jefar da salula ba. Na ce kar ka raina wanda ba ya biyan kuɗin data.

Yauwa, ga babban makaminka ka fito da shi: ka ce ina fili a Nima? Gaskiya ka faɗa, kuma ba kullum nake ba ka ita ba. Tun da Malam Amadu Futa ya sami wannan wuri a shekarun 1930, gida ke hawan gida. Akwai lungun da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Ɗan haya ɗaki ɗaya gare shi da rabin baranda, tsakar gida kuwa ta kowa ce, daga masu dakan fufu har masu alwala. Da a ce eriyar da littattafai suka fi so za ka kafa, wadda ake jona wa kebul a tsakiyarta, da ka ci gardama: tana son turke biyu, ga kebul mai nauyi yana reto daidai kan murhun maƙwabciyarka. Amma ba ita na kawo maka ba. Tawa daga gefe guda ake ba ta wuta. Bakinta ɗaya yana nan a tagarka, inda ba mai ce maka don me, ɗayan kuma turke ɗaya tak yake nema: gora, bishiyar darbejiya, ko ƙarfen benen wani Alhaji da kuke gaisawa. Tun farko ma don marasa fili aka ƙirƙiro ta. Jiragen balan-balan na Jamus, masu suna Zafalin, su suka riƙa sako irinta tana lilo a iska, don a sararin sama ba inda za a kafa turke na biyu. Kai da ke da bango har huɗu, kukan me kake yi?

Kuma ba dole ta miƙe sambal ba. Tana iya tashi daga taga ta hau a karkace. Tana iya hawa tsaye jikin gora sannan ta kwanta. Tana iya hawa ta sauko. Har karya kwana tana yi, muddin ba ta naɗe kanta ba. Abu ɗaya za ka riƙe: wutar da ke fitar da saƙo a tsakiyar wayar ta fi yawa, saboda haka tsakiyar ita za ka ɗaga iyakar ƙarfinka.

Ka ce to kowace waya ma ta yi ke nan, bari ka kwance ta tsohuwar fanka? A'a, Malam gaggawa. Tsawon shi ne maganar. Ana son rabin tsawon igiyar saƙon, kuma lissafin bai kai na kuɗin adashe wuya ba: ka raba 143 da adadin megahaz ɗin da kake so, amsar ta fito a mita. Zangon mita 40 a yankinmu daga megahaz 7.0 ne zuwa 7.2. Raba 143 da 7.1, ka sami mita 20 da ɗan ɗoriya. Ga kuma gyara, wadda na san ita ka fi so a ciniki: wannan waya guda za ta yi maka aiki a megahaz 14, da 21, da 28, don duk ninkin bakwai ne. Zango huɗu, waya ɗaya. Ka ce mita 20 ta fi ƙarfin gidanku? Yanke mita 10, ka sami megahaz 14 da 28, kuma megahaz 14 ita ce babbar kasuwar masu neman ƙasashe masu nisa. In kuma ka ce mita 10 ma babu, to ba gida kake ba, akwati ne.

Wayar tagulla mai rufin roba, irin ta aikin wutar gida, ta wadatar. Ka yanka ta da saura, don roba tana sa a bukaci ragewa kaɗan, kuma ragewa ta fi ƙari sauƙi. A ƙarshenta ka sa guntun bututun roba mai huda biyu, waya ta shiga ɗaya, igiyar leda ta shiga ɗaya. Igiyar ce za ta taɓa gora, wayar kar ta taɓa komai.

Ka ce shi ke nan, sai ka cusa bakin a bayan rediyo? Haba! Haka ake ƙona dukiya. Rediyo da kebul ɗinsa turjiyar om 50 suka sani. Bakin wannan waya kuwa turjiyarsa tana kai om 2,000 zuwa 4,000. In ka haɗa su kai tsaye, wutar da ka tura sai ta juyo ta koma inda ta fito. Sai an sa mai shiga tsakani, wata 'yar tiransifoma da za ka iya rufewa a tafin hannu. Zoben ferit ake samu, wanda ya fi suna shi ne FT240-43, a naɗa masa wayar tagulla mai fenti: zagaye 2 a ɓangaren rediyo, zagaye 14 a ɓangaren eriya. Biyu cikin sha huɗu bakwai ne, bakwai sau bakwai 49, sannan 49 sau 50 ya ba ka 2,450. Ka ga an daidaita, ba tsafi ba turare. Ana ƙara masa ɗan kafasita na fikofarad 100 a ɓangaren rediyo don manyan zanguna su daidaita, a saka duka a akwatin roba, a huda ƙasansa don raɓa ta sami mafita. Duk yaron da ya iya naɗin kwayil ɗin fanka a Mamobi zai gama wannan kafin shayi ya huce. Waya da kebul da dalma da soket, ka bi Zango Len ko Ofera Sikwaya. Zoben ne mai wuyar samu, a nan dangin nan naka na Hambog da Niyok za su yi rana. Sun sha kawo maka turare da takalmi, wannan karon su kawo abin amfani.

Ka ce ai an ce waya ɗaya, me ya kawo ta biyu? Ka kama ni, amma riƙon bai yi ƙarfi ba. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. Saboda haka ana maƙala guntuwar waya ta kimanin mita 2 a ƙafar tiransifoma, ko a bar fatar kebul ɗin ta yi wannan aiki. In ka bar kebul, to kafin ya shiga ɗaki ka naɗa shi zagaye goma ko sha biyu a wani zoben, ya tare wutar da ke biyo bayansa. Ka ƙi ji? Za ka gani ran da makirfon ya cije ka a leɓe, ko muryarka ta fito a sifikar maƙwabci yana tsakiyar kallon ƙwallo. Daga nan sai awo. Akwai na'urar da ke nuna yawan wutar da ke komowa, 'yan harka suna ce mata SWR. In ta nuna ƙasa da 2, ka gode Allah. In wurin da ta fi sauka yana ƙasa da zangon da kake so, wayarka ta yi tsawo: lanƙwasa 'yan santimita a ƙarshe, ka sake aunawa. Lanƙwasawa na ce, ajiye almakashin nan.

Ka ce kwano fa? Wannan tambaya ce ta mai hankali, ban san inda ka samo ta ba. Daga saman bene in ka duba Nima da Mamobi, kwano ne har iyakar gani. Waya in ta kwanta a kansa, awonta ya rikice, ƙarfinta ya tafi a banza. Ka ɗaga ta mita biyu ko uku sama da rufi, fiye ma in da hali, kuma ka yi awon a inda za ta zauna, kar ka auna a ƙasa ka ɗauka ka gama.

Yanzu bari in daina wasa na minti ɗaya. Wayoyin kamfanin wuta na ECG sun yi saƙa a lungunanmu, da na halal da waɗanda kai da ni muka san yadda aka ja su. Eriya ba ta bi ta samansu, ba ta bi ta ƙarƙashinsu, kuma gorar da ka kafa ta zama ko ta faɗi ba za ta kai gare su ba. Wannan kuskure ba a yin sa sau biyu. Na biyu, in ka tura wat 100, bakin wayar yana ɗauke da bolt kusan 500, ya isa ya ƙona yatsa, don haka duka bakunan su wuce inda hannun yaro ko zanen Hajiya zai kai. Na uku, hadari. Ka ce wayar tana kiran aradu? Ba ta aika mata goron gayyata, hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda ma sun fi gorarka tsawo nesa ba kusa ba. Amma ko tsawa a unguwar gaba ta faɗi, tana iya cusa wa waya wutar da za ta kashe rediyo. Ka kafa ƙarfen ƙasa a waje, kuma in ka ga gabas ta yi baƙi a watan Mayu ko Yuni, cire kebul ka fitar da bakinsa daga ɗaki. Wasa ya dawo.

Ka ce za a ɗauke ka a matsayin ɗan leƙen asiri, ga fadar shugaban ƙasa nan kusa, ga asibitin sojoji na 37? Wane irin ɗan leƙen asiri ne ke faɗin lambarsa a farkon magana da ƙarshenta, a layin da duk duniya ke saurare? Dokar duniya ta hana ɗan sha'awa ɓoye ma'anar saƙonsa. Abin da ake bukata lasisi ne daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, wadda ofishinta ke can wajen filin jirgi, motar haya ta turo-turo ɗaya daga nan. Sai an tabbatar ka san aikin, sannan a ba ka lamba mai farawa da 9G. Kafin nan kunne gare ka, ba baki. Ka ce sabuwar sakawa ce, wato damfarar intanet? Kaico, ka yi ɓatan kai. A wannan layi ba ciniki, ba talla, ba kiɗa. Ba tashar unguwa za ka buɗe ka riƙa sanar da suna da biki ba. Mai son ya ji sunansa a rediyo, ga gidan GBC nan a Kanda, wanda ya samo asali tun tashar ZOY ta 1935, kuma Hausa tana cikin harsunansa tun da daɗewa.

Ka ce ka jona waya a rediyon tsoho ba ka ji komai ba sai shuuu? Dalili biyu ne. Na farko, 'yan sha'awa suna magana ne da salon da ake kira SSB, rediyon da ba shi da wannan maɓalli murya a murɗe zai ba ka. Na biyu, laifinka ne, kai da cajar nan taka ta bakin titi. Caja mai arha, ƙwan lantarki na zamani, injin sola, talabijin, kowanne yana fesa ƙara a gajeren zango, kuma gidan haya ɗaya yana iya tara su hamsin. Ga inda abin dariyar yake. Ran da dumso ya sauka aka ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, kowa na fifita yana tsine wa ECG, ɗan rediyo shi kaɗai ke murmushi. Na'urarsa da batirin mota mai bolt 12 take aiki, ƙarar ta mutu, sai ga Italiya da Afirka ta Kudu tangaran. In kuma wuta ta ƙi ɗaukewa, akwai FT8, salon da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fitar tare da abokin aikinsa a 2017. Kwamfuta ce ke tsinto saƙon da kunne ba ya ko jin alamarsa a cikin hayaniya.

Ka ce wa zai kula ɗan Zango in ya yi kira? Kai dai ka yi. A Amurka masu lasisi sun haura 700,000, a Gana kuwa 'yan tsiraru ne, har Turawa kan yi takakkiya da kayansu su zo su yi mako biyu don kawai a ji 9G a iska. Suna biyan kuɗin jirgi su sami abin da kai kake kwana a kai. Ranar da ka ce CQ, wato kiran kowa da kowa, daga Nima, sai ka rasa wanda za ka fara amsa wa. Ka ce wasan yara ne? Marigayi Sarki Husaini na Jodan, lokacin yana raye lambarsa JY1 ce, kuma talakawa sun sha hira da shi. Marigayi Rajiv Gandhi na Indiya kuwa tasa VU2RG ce. Ga wata alfarma: 'yan rediyo duk da agogon GMT suke rubuta littafin hirarsu. Na Tokiyo sai ya yi ragi, na Kano sai ya cire awa ɗaya, kai kuwa layin Girinwic ta Tema ya ratsa, agogon bangon ɗakinka shi ne na duniya.

Ka ce kuɗi? A nan ba zan yi maka daɗin baki ba. Eriya arha ce, na'urar aikawa kuwa tana da tsada, ko ta hannu ce. Amma bes ɗinku, wato majalisarku ta samari, da ke iya haɗa kuɗin riguna iri ɗaya duk Sallah, da kuɗin kanofi, da na mai kiɗa, shi ne zai gagara sayen akwati ɗaya na taron dangi? A fara da saurare: 'yar na'urar SDR da ake soka wa kwamfuta ba ta kai kuɗin salularka ba, kuma wannan wayar dai za ta ciyar da ita.

Saura mutum ɗaya, kuma shi lissafin 143 ba ya kama shi: maigida. Kar ka bari ya fito alwalar asuba ya tarar da gora a kan katangarsa. Ka same shi bayan la'asar, ka durƙusa, ka ce Baba, wata 'yar waya nake son ratayawa, ba ta shan mita, ba ta huda kwano. Zai ce ba ta jawo tsawa? Ka ba shi amsar da na ba ka. Zai ce ba ta jawo 'yan sanda? Ka nuna masa takarda. Zai ce to shi me zai samu? Ka ce in an dace zai ji muryar mutumin Saudiyya a ɗakinka ba tare da ya sayi kati ba. In ya yi shiru yana jan carbi, ka ci rabi.

Ka ce duk da haka ba ka yarda ba sai ka ji da kunnenka? Madalla, abin da nake jira ke nan. Nemo tef ɗin awo da mita ashirin na waya, ranar Asabar da hantsi. Kai za ka hau tsani, tunda kai ne mai ƙarfin musu. Ni zan riƙe maka daga ƙasa, in ci gaba da ba ka amsa.